Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan ikilisiyoyin Damagaram: in an fito daga ruwan baftisma, wa ke renon sabon mai bi?

Zuwa ga iyayenmu fastoci, masu bishara da dattawan ikilisiyoyin bishara na birnin Zinder da kewaye.

Alheri da salama daga Allah Uba da Ubangijinmu Yesu Almasihu su tabbata a gare ku. Muna gaishe ku da hidima, muna gaishe ku da ɗawainiyar jama'a. Ya iyali, ya zafi? Ubangiji ya ƙara ƙarfi da lafiya.

Masu wannan wasiƙa 'ya'yanku ne: malaman ajin baftisma, malaman makarantar Lahadi, da wasu daga shugabannin zumuntar mata da ta matasa. Muna magana a madadin waɗanda ba za su iya tsayawa gaban majalisar dattawa su buɗe baki ba, wato sababbin masu bi, iyayenmu mata da ba su yi karatu ba, samarin da ke tafiya cin rani, da waɗanda aka sa a horo aka bar su a bencin baya.

Tsarin aikin bana ne ya sa muka ɗauki alƙalami. An rage ajin baftisma daga wata shida zuwa Lahadi huɗu don a samu a yi wa mutane baftisma kafin Ista. An dakatar da nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba har sai an gama katanga. Ɗan kuɗin da ake warewa don littattafan koyarwa an zuba shi a asusun gini. Mun kai kuka da baki, aka ce mu yi haƙuri. Mun yi. Yanzu mun rubuta, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mun san dalilin katanga. Babu ɗayanmu da ya manta Juma'ar 16 ga Janairu 2015, ranar da aka ƙona majami'u a garin nan, washegari wutar ta kai Yamai. Wanda ya tsaya cikin tokar majami'arsa ba za a koya masa darajar bulo da ƙofar ƙarfe ba. Ku ne kuka tattara mu a lokacin, kuka hana mu maganar ramuwa, kuma ba mu manta ba. Sai dai gini yana iya jiran wata kaka. Sabon mai bi da aka sake a watanninsa na fari, da wuya a same shi inda aka bar shi.

Abu na farko da Lahadi huɗu ba za su iya gyarawa ba shi ne ma'anar kalmominmu. Mutumin Damagaram in ya ji "tsarki", buta ce ke faɗo masa a rai, wanke jiki da ruwa kafin ibada, abin da ake yi yanzu ya karye anjima a sake. In ya ji "alheri", yana tuna abin da mai hali ke miƙa wa wanda ya iya gaisuwa da zaman ƙofar gida. "Lada" kuwa abin da ake tarawa ne da aiki. Waɗannan ma'anoni ba laifi ba ne, harshenmu ke nan, da shi muka tashi mu da maƙwabtanmu. Amma Littafi Mai Tsarki ya ɗora wa kalmomin wani kaya dabam, kuma wanda ba a zauna an warware masa ba zai saurari wa'azi shekara goma yana fassara shi da tsohuwar ma'ana. Ya ga an nutsar da shi a ruwa, ya ɗauka ruwan ne ya gama aikin. Ya yi zunubi bayan mako biyu, ya ɗauka tsarkin ya karye, babu kuma wani wankan.

Abin da malami zai koyar a nan kashi biyu ne, kuma tilas a raba su kafin a haɗa su. Baratarwa aikin Allah ce sau ɗaya: ya karɓi mai zunubi saboda Almasihu, ta wurin bangaskiya, ba don aikinsa ba, kamar yadda Romawa 5:1 da Afisawa 2:8-9 suka nuna. Ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Tsarkakewa kuwa tafiya ce ta tsawon rai, inda Ruhu Mai Tsarki ke sāke halin mutum kaɗan-kaɗan zuwa kamannin Almasihu (2 Korantiyawa 3:18), mutumin kuma yana aiki da himma domin Allah ne ke aiki a cikinsa (Filibiyawa 2:12-13). In aka cakuɗa su, ɗayan biyu ne ke fitowa. Mai taushin zuciya ya zauna cikin tsoro, kowane tuntuɓe ya ce Allah ya yashe shi, har ya daina zuwa jibin Ubangiji. Mai taurin zuciya ya koyi ɓoyewa. Akwai na uku da muke ƙara gani a cikin matasa, mai cewa tunda alheri ne, a ci gaba da gashi. Bulus ya amsa masa tun a Romawa 6:1-2, amma amsar sai an karanta masa ita. Titus 2:11-12 ya ce alherin da ya kawo ceto shi ne kuma yake koya mana ƙin rashin tsoron Allah. A ajinmu wannan aya ɗaya takan ci mako uku kafin ta zauna.

Na biyu, da yake babu lokacin koyarwa, abin da ya rage a hannunmu shi ne jerin hani. Kada giya, kada taba, kada zuwa wurin boka, kada kai babu ɗankwali. Ba mu ce a sassauta ko ɗaya ba. Amma in iyakar tsarkinmu ke nan, kitso muke yi da ƙwarƙwata. Mutum yana iya kiyaye jerin nan duka, alhali yana da tiya biyu a rumfarsa ranar kasuwar Alhamis, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa, abin da Karin Magana 20:10 ta kira abin ƙyama ga Ubangiji. Yana iya kiyaye su yana dukan matarsa, ko ya riƙe kuɗin ɗan garuwa da ya turo masa ruwa a tsakar zafin Afrilu. Albarkar Ruhu da aka lissafa a Galatiyawa 5:22-23 guda tara ce: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai. Ba ko ɗaya a ciki da ake ganewa daga bakin ƙofar majami'a. A gida ake ganinsu, da kasuwa, da layin famfo.

Afisawa 4:22-32 ta ba mu yadda ake yi, kuma mataki uku ne: a tuɓe tsohon hali, a sabunta tunani, a yafa sabon hali. Ba a ce wa ɓarawo ya daina sata kawai ba, an ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Mu kan tsaya a mataki na farko, shi ya sa ake komawa gidan jiya.

Ku ɗauki saurayi ɗan kabu-kabu da ke shan tramol. An kira shi, an yi masa faɗa, ya yi kuka, ya yi alkawari. Kwana uku ya koma. Muka ce ba da gaske ya tuba ba. Amma wa ya duba abin da ya mai da shi? Ƙwayar nan in jiki ya saba da ita aka yanke ta rana ɗaya, ciwon gaɓoɓi ne, da zufa, da rashin barci, da rashin natsuwa. Yana shanta ne don ya jure awa goma sha biyu a kan babur ya cika kuɗin mai babur. Da yamma kuma babu inda zai zauna sai fadar da ake miƙa masa ita tare da shayi. Wanda zai taimake shi sai ya raka shi wurin ma'aikacin lafiya a tsara yadda zai rabu da ita, ya faɗa masa gaskiya cewa yawanta na jawo farfaɗiya, ya sama masa wani wurin zaman yamma, ya ba shi lambar da zai kira in abin ya taso da dare, ya kuma koya masa 1 Yahaya 1:9 don ranar da zai faɗi, saboda yakan faɗi. Wannan aikin watanni ne, kuma a tsarin bana babu wanda aka ɗora wa shi.

Na uku shi ne horo, kuma nan ne zuciyarmu ta fi ciwo. Matiyu 18:15-17 ya jera matakai: ka same shi ku biyu, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban ikilisiya. Sau da yawa daga na ƙarshe muke farawa. Ana sanarwa ranar Lahadi, a ce wance tana ƙarƙashin horo wata shida. Ta koma bencin baya, ta fita kafin addu'ar sallama don kada a haɗa ido. A wata shidan nan ba wanda ya taka gidansu, ba a ba ta abin karantawa ba, ba a gaya mata abin da ake so a gani kafin a maido ta ba. In ciki ne, ita ce ke ɗauke da shaidar, namijin kuwa yana nan cikin mawaƙa. Mu 'yan kaɗan ne a garin nan, kowa ya san kowa, don haka kunyar ba ta da wurin ɓuya. Ƙarshenta ko ta sauya majami'a da raunin a buɗe, ko ta bar hanyar gaba ɗaya. Galatiyawa 6:1 ta ce masu ruhaniya su komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Bulus da kansa, wanda ya ce a hori mutumin Koranti, shi ne ya rubuta a 2 Korantiyawa 2:6-8 cewa horon ya isa, a yafe masa, a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Rabin farko muka riƙe.

Na huɗu, Maganar ba ta isa gida. Yesu ya roƙi Uba ya tsarkake mu cikin gaskiya, ya ce Maganarsa ita ce gaskiya (Yahaya 17:17). Tun 1924 'yan mishan na SIM suka fara zama a Zinder, tun 1932 kuma akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Duk da haka ku leƙa gidajenmu. Yaran lakwal suna karanta Faransanci, in an miƙa musu na Hausa sai su yi ta in-ina. Iyayensu mata Hausa kawai suke ji, ba sa karanta ko ɗaya. Wasu da suka zo daga baya ajami suka iya. Gida ɗaya, littafi ɗaya, a cikin akwati. Wa'azin Lahadi kuma in da tafinta, minti arba'in ya zama ashirin. Wato minti ashirin ke nan a mako ga wanda ba ya karatu, tunda an rufe na Laraba. Gurbin ba ya zama fanko. Salula ce ke cika shi da bidiyon masu wa'azin arziki, masu sayar da man shafewa da ruwan albarka. Mace ta cire laya daga wuyan ɗanta ranar baftisma, bayan shekara ta ɗaura masa ƙyallen da wani "annabi" ya yi wa addu'a. Tsoron da ya kai ta wurin boka yana nan, kaya kawai ya sauya, domin ba wanda ya zauna da ita a kan Kolosiyawa 2:15 da Romawa 8:38-39.

Sai masu tafiya. Da an gama girbi samarinmu sun watse, wasu Kano, wasu Agadas, wasu gaba da nan, ba su dawowa sai ruwa ya sauka. Rabin shekara ke nan ba zumunta, ba jibin Ubangiji, a lokacin da jaraba ta fi yawa. Ba ma ba su ko takardar da za su nuna wa wata ikilisiya.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba. Yaran da suka ga hayaƙin 2015 da idonsu yau su ne zumuntar matasa. An ce musu su yafe, sun ce sun yafe, amma ku saurari yadda wasunsu ke magana a kan maƙwabta in babu babba kusa. Ibraniyawa 12:14-15 ta haɗa zaman lafiya da kowa da tsarki a numfashi ɗaya, ta kuma yi gargaɗi a kan tushen ɗaci da ke tsirowa ya ƙazantar da mutane da yawa. Katanga ba ta taɓa wannan saiwa.

Iyayenmu, yawancinku manoma ne ko 'ya'yan manoma. Kun ga yadda gawo ya dawo gonakin Magarya da Matamaye da Mirya ta hanyar sassaben zamani. Ba dashe aka yi ba. Kututturen da ke da rai a ƙasa ne ya yi toho, manomi ya zaɓi rassa 'yan kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran, ya kāre su daga awaki, ya dawo baɗi ya sake gyarawa. Ran daga ƙasa yake, ba manomi ya ba da shi ba. Amma tohon da ba a kula da shi ba cinyayyen kurmi yake zama, ba itace ba. Abin da Yahaya 15 ke faɗa ke nan a kan reshen da Uba ke gyarawa don ya ƙara 'ya'ya, abin da kuma Bitrus ya rufe wasiƙarsa ta biyu da shi, cewa mu yi girma cikin alheri da sanin Ubangijinmu (2 Bitrus 3:18). Ga abin da muke roƙo.

A maido da ajin baftisma mako 24. Lissafin ma ya dace da shekararmu: in an fara a farkon Oktoba, bayan an shigo da hatsi yara sun koma lakwal, za a gama wajen tsakiyar Maris, Ista kuwa kullum tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Ashe ba ajin ne ya yi tsawo ba, farawa ce ake yi a makare, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Mako 8 na farko a karanta Bisharar Markus, sura biyu a mako, surorinta 16 ke nan, don mutum ya san wanda yake bi. Mako 6 a kan zunubi, gicciye, baratarwa da tabbacin ceto, a nan ne za a warware kalmomin nan uku, tsarki, alheri da lada. Mako 6 a kan Ruhu Mai Tsarki da sabon hali, a bi Romawa 6 da 8, Afisawa 4 da Kolosiyawa 3, da misalan kasuwa, aure, bashi da tsoron sammu. Mako 4 na ƙarshe a kan addu'a, jibin Ubangiji, baiko da zaman ikilisiya. Tambayar ƙarshe kada ta zama hadda kawai. A tambayi mutum, in ka yi zunubi jibi me za ka yi? Amsarsa za ta nuna ko ya gane alheri.

Bayan baftisma a ba kowa mai reno na shekara guda, namiji ga namiji, mace ga mace kamar yadda Titus 2:3-5 ta tsara, kuma kada mai reno ɗaya ya wuce mutum uku. Su haɗu sau ɗaya a mako, awa ɗaya: kwata na gaisuwa da jin yadda mako ya wuce, minti ashirin da biyar na karatu, minti goma a kan abu ɗaya tak da za a aikata kafin haɗuwa ta gaba, sauran a yi addu'a. Mako mai zuwa da wannan abu ɗayan za a fara. Wurare uku ne wannan tsari yake lalacewa, gara a faɗe su tun yanzu. Mai reno ya kwashe asirin da aka gaya masa ya kai wa matarsa ko majalisa, daga ranar ba mai sake faɗin gaskiya; don haka a yi ƙa'ida cewa ba a fitar da magana sai in akwai haɗari ga rai ko ana cutar da yaro ko mace, kuma a sanar da mutumin wannan ƙa'ida tun ranar farko. Na biyu, mai reno ya zama ubangida, musamman ga wanda danginsa suka kora, sai ya riƙa faɗin abin da mai ciyar da shi ke so ya ji. Taimakon abinci da wurin kwana ya bi ta hannun dikinoni, a haɗa da koyon sana'a mai wa'adi. Na uku, mai reno ya mai da awar wa'azinsa. In ya yi magana fiye da rabin lokaci, an ɓata.

Nazarin Laraba ba ya bukatar siminti. In majami'a ba ta samuwa, a kai shi gidaje, mutum biyar zuwa takwas, unguwa-unguwa: Birni, Zango, Sabon Gari, Garin Malam, Kara-Kara, duk inda muke da gida biyu ko uku kusa da juna. Fiye da takwas, masu kunya ba sa magana. A yi shi da la'asar sakaliya a tashi kafin duhu saboda mata, ba lasifika, ba damun maƙwabta. A karanta nassin sau biyu da ƙarfi, wani da ba ya karatu ya maimaita shi da bakinsa, sannan tambayoyi uku: me ya nuna game da Allah, me ya tona game da mu, me za mu yi a makon nan.

Ga masu karatu, Sabon Alkawari sura 260 ne. Sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52 an sauke shi daidai, Asabar da Lahadi kuma na ramuwar abin da ya kuɓuce. A buga jadawalin a takarda ɗaya, gaba Hausa, baya Faransanci. Kada a ɗora wa sabon mai bi dukan surori 1189 a shekararsa ta farko, a Littafin Firistoci zai tsaya. Ga marasa karatu, a sa musu Sabon Alkawari na sauti a katin salula, da aya ɗaya ta hadda a mako wadda za a rera a zumuntar mata. A kuma buɗe ajin yaƙi da jahilci sau biyu a mako daga Janairu zuwa Mayu, lokacin da ba aikin gona. Ɗaliban jami'a da ke cikinmu za su iya koyarwa in an roƙe su.

Horo a rubuta ƙa'idarsa kowa ya sani. Ba a kai magana gaban jama'a sai an bi matakai biyu na farko. In laifin na mutum biyu ne, a kira su biyu. Ranar da aka sa mutum a horo, ranar za a naɗa mai ziyartarsa kowane mako, a gaya masa a fili abin da ake nema: furci, barin abin, da mayar da haƙƙi in akwai, yadda Zakka ya yi a Luka 19. A duba lamarinsa kowane wata, kada a jira wa'adi ya cika kamar zaman kaso. Ranar maidowa kuma a yi ta a fili yadda aka yi sanarwar farko, fasto ya miƙa masa hannu, ya ci jibi tare da kowa.

Masu tafiya cin rani a tara su mako guda kafin su tashi, a ba kowa takardar shaida da sa hannun fasto, a rubuta inda za shi, a haɗa su a WhatsApp da dattijo ɗaya mai aika musu saƙon murya na minti biyar kowace Lahadi. In sun dawo a zauna da su kafin su shiga gona.

Maganar 2015 kuwa muna roƙon zama na musamman da matasa, inda za a bar su su faɗi abin da suka gani ba tare da an katse su da "ai mun yafe" ba, sannan a bi Zabura 73 da Romawa 12:17-21 a hankali.

Duk wannan yana bukatar malamai, mu kuwa da kanmu muna bukatar koyarwa, kada a yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. A ba mu kwas na kwana uku sau biyu a shekara, ɗaya a Satumba kafin a buɗe aji, ɗaya bayan Ista, bisa ga 2 Timoti 2:2. A ware kashi ɗaya cikin goma na baikon Lahadi don littattafai, katunan sauti da alli, a karanta lissafinsa gaban jama'a kamar yadda ake karanta na gini. Katangar za ta yi jinkirin 'yan watanni, mun sani, mun kuma yarda.

Roƙo na ƙarshe mun daɗe muna juya shi kafin mu rubuta, ku gafarce mu in mun yi tsaurin ido. Wa ke tambayar fasto yadda ransa yake? Kuna ɗauke da asirin kowa, ku kuwa ba ku da wurin sauke naku. Muna roƙo ku ma ku riƙa haɗuwa uku-uku sau ɗaya a wata, ba don tsara taro ba, don tambayar juna a kan addu'a, kuɗi, fushi da zaman iyali. Ranar da jama'a suka ji dattijo ya ce na yi kuskure, ku yafe mini, za su koyi abin da aji 24 ba zai koya musu ba.

Muna roƙon ku sa wannan wasiƙa cikin ajandar zaman majalisa mai zuwa, ku kira wakilanmu huɗu, maza biyu mata biyu, kafin ruwan farko ya sauka mutane su watse gona. Jadawalin mako 24 da na karatun sura 260 suna hannunmu a rubuce, da sunayen waɗanda suka yarda su yi reno, za mu zo da su.

Ubangiji ya kiyaye ku da iyalanku.

'Ya'yanku cikin hidima,
Malaman ajin baftisma da na makarantar Lahadi, tare da wakilan zumuntar mata da ta matasa,
Zinder.